Kwarjinin Malam Abdulbaƙi

Mu mutanen Arewa da karatu ya kai Kuala Lumpur muna da wata lalura da asibiti ba ya gani. Kowa ya sauko daga jirgi da digiri ɗaya a jaka, sai ya fara tafiya kamar yana ɗauke da uku. Amma duk cikinmu babu wanda ciwon ya yi wa mugun kamu kamar Malam Abdulbaƙi, malamin adabi a wata kwalejin ilimi ta gida, wanda gwamnati ta turo ya yi digirin dakta.

Abin da ya zo karantawa ma shi ya fara jawo masa magana. Maƙwabtansa a Wangsa Maju, wannan injiniya ne, wancan likitan dabbobi, wani yana binciken manja. Shi kuwa ya taso tun daga Kano har Malesiya don ya yi nazarin wani tsohon littafin barkwanci na ƙasar Sifaniya, labarin wani dattijo da ya ɗauki kansa babban mutum, duk inda ya sa gaba sai ya dawo da kumburi. Duniya ta daɗe tana karanta littafin nan tana dariya. Malam Abdulbaƙi ya ce duniya ce ba ta gane ba. Kundin da ya rubuta, mai kaurin bulo, magana ɗaya yake maimaitawa: dattijon nan mutum ne mai kamala wanda bai taɓa wasa ba, don haka babu abin dariya a lamarinsa, kuma duk wanda ya riƙe girmansa da gaske babu mai iya yi masa dariya sai jahili.

Don ya nuna ba a takarda kawai abin ya tsaya ba, shi ma sai ya daina dariya. Matarsa Walida takan ce rabonta da ganin haƙoransa tun ranar da ta raka shi cire na gefe.

Ana haka korona ta sauka, aka kulle gari. Jami'a ta aiko cewa jarrabawarsa ta baka, wadda ake kare kundi a gaban farfesoshi, ta bidiyo za a yi ta, kowa daga gidansa. Malamin da ke duba aikinsa ya kira shi ya gaya masa gaskiya: cikin masu jarrabawar akwai wata tsohuwar farfesa daga Sifaniya, wadda ta yi furfura tana koyar da littafin tana ƙyaƙyatawa. Idan ta ce kundin bai yi ba, to bai yi ba. Wa'adin karatunsa kuma ya zo ƙarshe, idan ya faɗi sai dai ya tattara ya koma gida Malam kamar yadda ya zo. Ga shi tun bara ya sa an rubuta Dakta a ƙofar ofishinsa na kwaleji.

Da wani ne, da ya koma ya buɗe littattafai. Malam Abdulbaƙi akwati ya buɗe.

"Ba da baki zan kayar da matar nan ba, Walida," ya ce. "Da kwarjini. Idan ta buɗe kwamfuta ta ga mutum zaune cikin babbar riga, ta ga ko murmushi ta kasa yi, ai ta amsa kundina da kanta."

Da ya ji jami'a ta yarda a shigo kallo, sai ya watsa gayyata a zauren ɗaliban Arewa na waya, ya ce kowa ya zo ya ga yadda ake kare ilimi. Mutanen da kulle ya ishe su, waɗanda suka gama ƙirga tayil ɗin ɗakunansu, duk suka ce in sha Allahu da su za a yi.

Sai dai rigar ta ba shi kunya. Farar shadda ce mai aiki har ciki, amma shekarun da ta yi a akwati cikin laimar ƙasar nan sun mayar da ita laƙwas, ga warin gumi na ajiya. Walida ta ce a wanke a goge. Ya dube ta da tausayi ya ce guga ta masu kwat ce, shadda sitaci take so da bugu. Ta tuna masa cewa ko lokacin da gari yake buɗe babu mai bugu a Kuala Lumpur, balle yanzu da shagunan yadi na Jalan Tuanku Abdul Rahman ma suke garƙame. Ya ce da kansa zai yi, domin kakansa mai bugu ne, a jininsa abin yake.

"Ba kai ka ce min kakanka alƙali ne ba?"

"Kowane ɗan Adam kakanni maza biyu gare shi."

"To shi wanda ka ce sarkin fawa ne fa?"

Ya ce ta ɗora ruwa a wuta.

A lokacin maigida kaɗai ake bari ya fita cefane. Ya sa takunkumi ya je ɗan kantin ƙasan bene ya sayo garin rogo, ya dama sitaci cikin babbar tukunyar da Walida ke tuwon shinkafa. Nan ya tuna masu wanki na gida ƙaro suke zubawa don riga ta yi ƙarfi ta yi sheƙi, ƙaro kuwa ko na magani babu a garin. Ya tsaya ya yi tunani irin na masu bincike. Mene ne aikin ƙaro? Danƙo da ƙyalli. Me kuma ke da danƙo da ƙyalli? Ya juye sukarin gidan kaf a tukunya. Da ya ga kamar bai ji ba, ya ƙara da zumar da suke sha da habbatussauda saboda annoba. Walida ta ce wannan ai alawa ce yake haɗawa. Ya ce ilimin sinadarai ba na kowa ba ne.

Shanya kanta sai da ta zama aiki. Kullum da la'asar sai an yi ruwa, ya shigo da riga, ya mayar, ya shigo da ita. Benensu kuma yana kallon wani tsauni mai kurmi, kuma tun da aka kulle gari birai suka rasa masu jefa musu ayaba, suka fara bin baranda baranda. Ranar da rigar ta kusa bushewa ya leƙo ya tarar da wani ƙaton biri ya rungume ta yana lasa, ya lumshe ido.

Walida ta miƙo masa tsintsiya. Ya ƙi karɓa, ya ce mai kamala ba ya kai duka, kallo ya ishe shi. Ya tsaya a bakin ƙofa ya haɗe rai ya zuba wa birin ido. Biri ya dube shi, ya koma ya ci gaba da lasa. Da ya ga kallo bai yi ba sai ya yi gyaran murya. Da gyaran murya bai yi ba sai ya kama gaban rigar ya ja, biri ya riƙe bayan ya ja, shadda ta yi ƙara. Biri ya haye ƙarfen baranda da ƙyallen da ya kai sallaya, ya tafi kai wa iyalinsa.

Suka shimfiɗa rigar suka duba. Tun daga kafaɗa har ƙugu babu baya. Walida ta ce ko ya haƙura ya sa kaftaninsa na Juma'a, ba abin da ya same shi. Ya ce kamara gaba take gani.

Sai bugu. Ya ɗauko katakon yanka nama da taɓaryar da Walida ta sha wahalar kawowa daga Kano, ya naɗe rigar, ya zauna a tsakar falo ya fara. A gida, bugu a rumfa ake yinsa a kan gungumen itace, a ƙasa mai shanye sauti. Nan kuwa siminti ne a hawa na uku, a ginin da kowa yake ciki saboda babu wurin zuwa. Tsohuwar da ke ƙasansu ta fara amsa masa, tana dukan silin ɗinta da sandar goge ɗaki. Jaririn maƙwabta ya ɗauki kuka. Can sai ga Kalilu, ɗalibin injiniya da ke ƙofa ta gaba, ya zo da takunkumi a haɓa, ya ce yana tsakiyar darasi malaminsu ya tambaye shi ko rushe gidansu ake yi.

"Malam, don Allah me kake daka?"

"Tarihi nake rayawa, Kalilu."

"To tarihin ya jira a gama lakca mana."

Mai gadin bene ya hauro yana haki. Malam Abdulbaƙi ya tsayar da shi a ƙofa ya yi masa doguwar bita da Turanci a kan marina da masaƙa da matsayin sheƙi a rayuwar Bahaushe. Mutumin ya saurara har ƙarshe cikin ladabi irin nasu, sannan ya girgiza kai ya ce ba a yi, ya ƙara da "lah" ɗin da mutanen ƙasar ke rufe magana da ita. Sai Malam ya kwashi kayansa ya koma kan matattakala, yana ganin can ba gidan kowa ba ne. Ashe matattakala amsa kuwwa take yi har hawa na ƙarshe. Kafin a sake turo mai gadi, taɓarya ta kuskure shadda ta sauka a babban yatsansa. Bai yi ihu ba, a ba shi wannan. Ya dai zauna yana kallon bango, hawaye na bin gemunsa.

Amma fa riga ta yi ƙyalli. Ta yi ƙarfin da aka tsayar da ita a falo ta tsaya da kanta, hannuwa a buɗe. Washegari da safe Walida ta fito da barci a idonta ta gaishe ta.

Ranar jarrabawa, shiga rigar sai da ya zama kamar shiga rumbu: Walida ta ɗaga ta sama, ya sunkuya ya shige ta ƙasa. Ya kafa hula. Ya ɗora kwamfuta a kan littattafai don a riƙa ganinsa daga ƙasa, ya jawo farar kujerar roba ya zauna, riga ta yi ƙaras. Sannan ya ba da umarni a kashe fanka kada iska ta kaɗa masa hannun riga, a rufe taga kada biri ya dawo neman ragowar. Walida ta ce zai narke. Ya ce ta shiga ɗaki ta kalla a wayarta kamar sauran jama'a.

Allo ya cika da fuskoki. Ga shugaban zaman, wani farfesa ɗan ƙasar mai sanyin murya. Ga tsohuwar Sifaniya da farin gashi da tabarau. Ga mutanenmu jere a ƙananan akwatuna, wasu da kofin shayi, wani ma a kwance. Malam Abdulbaƙi ya yi sallama da murya daga ƙirji ya fara bayani, kuma a gaskiya farkon ya yi kyau. Tsohuwar ta gyara zama. Babu wanda ya yi ko murmushi. A ransa ya ce an gama.

Zafin Kuala Lumpur ba ya jin Turanci. Kafin ya gama babi na farko gumi ya jiƙa shi, sitaci ya saki, sukari ya tuna asalinsa. Ya ji wani abu mai ɗumi yana gangarowa ta haƙarƙarinsa yana taruwa a kan kujera. Rigar da ta tsaya kamar bango ta fara kwantawa a jikinsa tana mannewa. Ɗakin ya ɗauki ƙamshin alewar madara.

Daga ƙarƙashin ƙofar kicin wani jan zare ya fito, ya ratsa falo, ya kama ƙafar kujera. Kiyashi ne, irin jajayen nan na ƙasar da ba su san ana lasa a wuce ba, sai sun yi cizo. Na farko ya same shi a bayan gwiwa daidai lokacin da yake cewa mai kamala ba ya motsi don ƙaramin abu. Ya ƙarasa jimlar. Na biyu da na uku suka shiga ta wurin da biri ya buɗe musu. Daga nan ya daina lissafi.

Bai sosa ba. Ya dafe gwiwoyinsa ya ci gaba, sai dai muryar ta fara yi masa gardama: ya taho a ƙasa-ƙasa, sai wata kalma ta tsere sama kamar ta mai kiran awaki. Girarsa ta hagu ta kama rawa ita kaɗai. Yakan sandare ƙiƙam, sai kuma ya zabura. Shugaban zaman ya tambaya cikin ladabi ko intanet ɗinsa ce ke yankewa. Ya ce lafiya lau take. A zauren waya kuwa an fara rubuce-rubuce, wani ya ce ko aljanu ne, wani ya ce a'a, haka manyan masana suke idan ilimi ya taso musu.

Da rundunar ta kai wuyansa, idonsa ya riƙa faɗawa ƙasa yana leƙen cikin riga. Shugaban zaman ya lura. Ya ce ya yi haƙuri, doka ce, tunda ana ganin yana yawan duban ƙasa, sai ya tashi ya ja da baya ya juya, a tabbatar babu takarda ko wani mai raɗa masa amsa.

Malam Abdulbaƙi ya ce a matsayinsa yana ganin babu buƙata. Shugaba ya ce akwai.

Ya miƙe a hankali, da nutsuwar limami. Kujera ta miƙe tare da shi. Ya ɗan girgiza ƙugu a ɓoye, ta ƙi. Ya ja da baya, ƙafafunta huɗu suna nuna bango, ya juya kamar yadda aka ce. Jama'a suka ga bayan malami babu riga, sai singileti da ta koma ja saboda kiyashi, ga bakin yagar biri, ga kujerar roba manne a mazaunai tana lilo. Ya tsaya a haka, ya ɗora hannu a ƙirji, ya tambayi bango ko kwamiti ya gamsu.

Kalilu ne ya manta bai kashe makirfo ba. Dariyarsa ta fito ta kwamfuta, ta kuma ratso bango a lokaci guda. Sai sauran suka ɓalle da dariya. Wanda ke kwance ya faɗo daga gado, aka ga silin ɗinsa. Shugaban zaman ya ja takunkumi ya rufe bakinsa alhali shi kaɗai ne a ɗakinsa, kafaɗunsa suna rawa. Tsohuwar Sifaniya ta cire tabarau ta kifa kai a tebur, ba a jin komai sai tafin hannunta yana dukan katako.

Malam Abdulbaƙi ya juyo ya zauna, abin da bai yi masa wuya ba tunda kujerar na nan inda ya bar ta. Kunya ta rufe shi har ya fi jin ta a kan cizon. A ransa ya hango ƙofar ofishinsa ta kwaleji, ya ga mai fenti yana kankare kalma ɗaya.

Da tsohuwar ta samu numfashi ta goge ido, ta ce tambaya ɗaya gare ta, kuma a kan amsar za ta sa hannu ko ta ƙi. Ta ce tun da ta fara aiki ba ta taɓa ganin mutum mai riƙe girmansa kamar shi ba, ko gezau bai yi ba. To har yanzu yana nan a kan cewa ba a yi wa irin wannan mutum dariya?

Ya duba hanya biyu, duk babu mai kyau. In ya ce yana nan, ga shaidu cike da allo suna share hawaye. In ya ce ya janye, ya rushe aikin shekaru da bakinsa. Wani kiyashi ya fito daga gemunsa ya tsaya a leɓe, ya hure shi.

"Ranki ya daɗe," ya ce, da muryarsa ta ainihi wadda Walida ta daɗe ba ta ji ba, "ana yi. Na ji da kunnena. Har na ga alama rashin motsin nawa ne ya ƙara muku. Abin da zan ce kawai, daga inda kuke zaune abin dariya ne, daga cikin rigar kuwa cizo ne. Ni shekarun nan duk a cikin rigar dattijon na zauna, ban taɓa fitowa na kalle shi ba."

Tsohuwar ta mayar da tabarau ta dube shi da kyau. Ta ce wannan maganar ba ta cikin kundin, kuma ta fi duk abin da ke cikinsa. Kwamiti ya fitar da kowa ya yi shawara, sannan aka dawo da shi aka karanta hukunci: bai faɗi ba, bai kuma ci ba. An ba shi wata shida ya warware kundin ya sake ɗinka shi a kan abin da ya faɗa yanzu, jami'a za ta nema masa ƙarin zama. Shugaba ya rufe taro da cewa Mista Abdulbaƙi yana iya tafiya ya yi wanka. Kalmar Mista ta shige shi fiye da duk cizon da ya sha.

Allo ya mutu. Walida ta fito daga ɗaki da almakashi da bokitin ruwan ɗumi, fuskarta a ɗaure tamau, idanunta jajir. Ta durƙusa ta fara yanka shadda tana raba shi da kujera, tana kaɗe kiyashi da tsumma. Ya daɗe yana kallon ƙeyarta.

"Walida, ke ma kin yi?"

"A banɗaki na yi, Malam. Na kunna famfo saboda girmanka."

"Kin gama?"

"Da saura."

Ya ce to ta ƙarasa a nan, ba shi da sauran abin da zai tsare. Ta zauna daɓas a tayil ta saki abin da ta shekara huɗu tana tarawa. Ya yi ƙoƙarin haɗe rai, ya ji wani abu ya taso masa daga ciki kamar tari, ashe dariya ce, ta fito da tsatsa. Sai dai sitacin ya riga ya bushe a gashin ƙirjinsa, duk ƙyaƙyatawa ɗaya sai ta tsige masa wani. Yana dariya yana cewa wash, yana cewa wash yana dariya, har tsohuwar da ke ƙasansu ta sake ɗauko sandarta.

Da ya samu kansa ya share ido, ya ce ta yi maza ta cire masa hannun dama tukuna, a nan zai fara babi na ɗaya.